Ruwan Zafin da Waliyyu Bai Ji Ba

"A tsaye! Wallahi a tsaye yag gaishe shi, awa turken wuta!"

Goggo Jannatu ce ta shigo tana tafa hannu, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ƙanwa ce ga Malam Attahiru mai ɗori, kuma duk unguwar nan ta Aliero an san in ta ɗauko magana ba ta ajiye ta sai ta ji wa wani ciwo.

Barakatu, 'yar Malam ɗin, tana durƙushe a gaban murhu, tana iza wuta a ƙarƙashin tukunyar ruwan gashi. Ba ta ɗago ba, amma kunnenta yana can.

"Kubura, ba ki ji mi nic ce ba? Yaron da za ku ba ɗiya ya shigo zaure, Yaya na zamne, mutane na zamne, yaƙ ƙi duƙawa. Da za shi hita kuma takalminshi yas suɓuce, bai ma san ya bar shi ba sai da anka kira shi."

Inna Kubura, mahaifiyar Barakatu, ta dakata da tankaɗen da take yi. "Ba ƙi yay yi ba, Goggon yara. Bayanshi ka ciwo."

"Baya?" Goggo ta riƙe haɓa. "Ango da ciwon baya? To, Allah shi kyauta. Ni dai ban ce komi ba."

Wai ba ta ce komai ba! Ai ta gama faɗa. Duk macen da ke tsakar gidan ta gane inda maganar ta dosa, har baƙuwar da ta zo jinyar ɗanta sai da ta sunkuyar da kai. Tsoro ya kama Barakatu, don an riga an sa rana, an raba goro, kuma ta san irin wannan maganar in ta fita gari ba ta komawa.

Kowa ya san abin da ke cin Goggo. Ɗanta Nuraddeen, mai motar da ke kai albasa kudu, ya daɗe yana son Barakatu, ita kuma ta ce ba ta yi. Waliyyu take so, wani manomi daga Giwa Tazo ta ƙasar Maiyama, mutum mai kunya har ta yi masa yawa. Malam Attahiru ya bincika, ya ga yaron kirki ne, ya ba shi. Tun daga ranar Goggo ba ta sake cin tuwon gidan da daɗin rai ba.

Ciwon kuwa a gonar Malam ɗin ya same shi. Lokacin cirar albasa Waliyyu ya kwaso abokansa suka zo gayyar suruki, kamar yadda aka saba. Ana loda buhuna a motar Nuraddeen, mutum biyu na kama buhu ɗaya, sai mai motar ya jingina da ƙofa yana sakace haƙori ya ce, "Ashe mutanen Maiyama sai an taru aka ɗaga buhu?"

Kai, namiji da son a ce ya isa! Waliyyu ya ture abokinsa, ya sunkuya, ya cicciɓi buhun shi kaɗai. Wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayansa. Ya kai buhun ya dire, har da murmushi. Washegari sai da aka kama shi kafin ya tashi daga tabarma.

Da farko bayan ne kawai. Daga baya ciwon ya gangaro ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya, ya bi gefen ƙwauri har babban yatsa. In ya yi tari ko atishawa sai ya dafe bango. Ruku'u ya gagare shi. Duk wannan a waya yake gaya mata, shi ma sai ta matsa masa da kuka.

Ranar kasuwar Jega Barakatu ta bi Inna sayen kwanukan ɗaki. Suna layin 'yan kwano wayarta ta yi ƙara. Salima ce, yayar Waliyyu da ke aure a nan Jega.

"Mun kawo shi asibiti. In kina iya zowa ki zo, hankalina bai kwanta ba."

Barakatu ta ce wa Inna za ta je ta gaida Salima. Inna ta dube ta, ta gane sarai, ta ce kada ta daɗe.

Likitan, wani siriri mai furfura a gemu da ake kira Dakta Idris, bai tambayi ko wace ce ita ba. Ya ga ta zauna kusa da Salima, ya ɗauka ƙanwarsu ce. Waliyyu dai da ya gan ta sai ya rasa inda zai sa idonsa.

Likita ya sa shi ya kwanta rigingine. Ya kama dunduniyar dama ya ɗaga ƙafar a miƙe, ta tafi sama lafiya lau. Ya kama ta hagu. Ko rabin hanya ba ta kai ba Waliyyu ya damƙe gefen gadon, gumi ya keto masa.

"Ina ka ji shi?"

"Tun daga baya, likita, har bisa yatsa."

"Turo hannuna da babban yatsanka, sama."

Yatsan dama ya tura. Na hagu ya ɗan motsa, ya koma ya kwanta. Likita ya ɗauko wani tsinke mai kaifi yana tsikarar ƙafar, daga cinya yana gangarowa. Waliyyu na cewa na ji, na ji, har aka zo gefen ƙwauri da saman ƙafa, sai ya yi shiru yana jira. Barakatu na kallon tsinken yana lotsa fatar, mai ƙafar kuma yana jiran a fara.



Aka ce ya tashi ya taka da dunduniya. Ta dama ta ɗauke shi, ta hagu ta faɗi ƙasa ɓat. Likita ya koma kujerarsa ya cire tabarau.

"Ƙashinka lafiya yake, hoton ƙashi ma haka zai nuna. Ƙashin baya gaɓa-gaɓa ne, tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai wani abu mai taushi kamar gammo. Naka na ƙasa ya fashe, ya ɓullo, ya danne jijiyar da ta sauka ƙafa. Shi ya sa kake jin ciwo a ƙafa alhali ciwon a baya yake. Akwai wani babban hoto da ke nuna jijiya, sai Birnin Kebbi ko Sakkwato, ina so ka yi shi tunda yatsan ya fara rauni. Yawancin masu irin wannan suna warkewa da magani da kiyaye jiki, ba a ko taɓa su da wuƙa."

Salima ta sauke ajiyar zuciya. Likita ya ɗaga hannu.

"Amma ku saurara, ku duka, kada kunya ta hana ku ji. In ciwon ya tsallaka ƙafa ta biyu, ko fitsari ya tsaya, ko ya riƙa zuba bai sani ba, ko ya zo tsarki ya daina jin ruwa a jikinsa, to ba maganar gobe. Ko a tsakiyar cin abinci ne ku ajiye ku kai shi babban asibiti. In aka yi jinkiri jijiyar ta mutu, babu likitan da zai tashe ta."

Matan biyu suka duƙar da kai. Waliyyu ya ce, "To, likita," da muryar da ko shi bai ji ta sosai ba.

Jega ranar kasuwa ba ta ɓoye kowa. Wani direban da ya san Nuraddeen ya gan su a bakin asibiti, kafin Barakatu da Inna su sauka daga mota a Aliero labari ya riga su isa gida.

Malam Attahiru ba mai faɗa ba ne, shi ya sa in ransa ya ɓaci gidan ke yin tsit. Ya tsaya a tsakar gida, hannayensa a baya.

"Daga Nijar aka kawo mani karaya, daga Ikko aka kawo mani. Wagga sana'a kakana yab bar ma ubana, ubana yab bar mani. Sannan a ce surukin gidan ga shina bin layin asibiti? Mi za a ce da ni cikin Aliero?"

"Baba, likita ya ce ba ƙashi ba na," in ji Barakatu, kanta a ƙasa.

"Likita ya ce." Ya maimaita a hankali. Abin ya yi masa ciwo, kowa ya gani a fuskarsa. "To ki ji nawa. In ɗana na, a kawo mani shi in yi mai aiki da hannuna. In yat taka da ƙahwarshi ranar ɗaurin aure, an ɗaura. In kuwa sun hi son asibiti, su tahi, amma su bar mani ɗiyata."

Goggo Jannatu da ke zaune a bakin ɗaki ta ce, "Gaskiyarka, Yaya," har da gyara zama.

To, wa zai ce a'a? Aka kawo Waliyyu daga Giwa Tazo kwance a bayan a-kori-kura, aka ba shi ɗaki a layin ɗakunan majinyata da ke bayan zaure, Salima ta zo ta zauna jinya. Maganar babban hoto ta bi iska.

Malam ya bi ƙashin bayan da babban yatsansa gaɓa bayan gaɓa, ya ce ba karaya, ba gocewa, jijiya ce ta ɗaure. Kullum da safe a gasa masa baya da ƙafa da ruwan zafi, a shafa man shanu, a ja ƙafar, a yi tofi. Kullum kuma sai Malam ya tambaya, "Ina jiki, Waliyyu?"

"Da sauƙi, Baba."

Me zai ce in ba haka ba? Mutumin da ko abinci ba ya iya ci a gaban surukinsa, shi ne zai buɗe baki ya ce masa aikinka ba ya yi? Da baƙo ne daga Nijar da ya faɗi gaskiya ya huta. Shi kuwa Waliyyu idonsa a ƙasa, bakinsa da sauƙi, jikinsa yana lalacewa.

Barakatu ce mai dafa ruwan gashi tun tana yarinya, ta san zafinsa. Ta sha jin ƙattai masu gemu suna kiran iyayensu in tsumman ya sauka. Wata safiya ta kai tukunyar bakin ƙofa, Salima ta karɓa, ita kuma ta laɓe a bayan katanga tana sauraro. Ta ji ana matse tsumma, ta ji Malam na bismillah. Daga wajen Waliyyu ko tari babu.

Da Malam ya fito, fuskarsa a sake take. Ya shiga zaure yana gaya wa dattawan da ke zaune, da ƙarfi yadda za a ji a cikin gida.

"Na ga maza, amma ban ga mai dauriya awa yaron ga ba. Yau na ƙara ma ruwan zahi da gangan, na ɗora mai bisa ƙahwa, wallahi ko yatsa bai motsa ba. Wanga shi na namiji."

Dattawa suka yi ta sa albarka. Inna Kubura ta yi murmushi ta kalli Goggo, Goggo ta taɓe baki. Barakatu ma daɗi ya kama ta, ta ji kamar ta yi guɗa. Sai tsinken likita ya faɗo mata a rai, daɗin ya tsinke nan take.

Ba dauriya ba ce. Bai ji ruwan ba ne.

Ta zagaya bayan ɗakunan majinyata, wajen rijiya, ta tarar da Salima tana wanki. Da ganinta Salima ta yi sauri ta tura wani abu ƙarƙashin sauran kaya. Wandon Waliyyu ne, kuma wani irinsa yana shanye a igiya bai ko bushe ba.

"Yaya Salima, mi ka hwaruwa?"

"Ba komi."

"Don girman Allah."

Salima ta saki kayan ta rufe fuska da hannayenta masu kumfa. "Ya sa na rantse ba ni hwaɗa. Ki tambaye shi da kanki. Ni na gaji, Barakatu, ƙanena na, ina kallo shina tahiya."

Ta jira har maza suka tafi masallaci sallar Azahar. Ta zo ta tsaya a gefen ƙofarsa, asabari a tsakaninsu. Ta ƙasan asabarin tana hango ƙafarsa ta hagu a kan tabarma. Saman ƙafar ya tashi ya yi ƙululu cike da ruwa, fatar gefe ta saɓule.

"Waliyyu."

"Barakatu? Ki tahi, kada a gan ki."

"Ka ga ƙahwarka?"

Sai ta ji motsinsa yana ƙoƙarin ɗagowa. "Subhanallahi," ya ce a hankali. Sai yanzu ya gani.

"Ina so ka hwaɗa mani gaskiya. Ta dama hwa?"

"Ta dama lahiya take."

"Ka rantse."

Bai rantse ba. Hawaye suka zubo mata, ta sa bakin mayafi ta toshe bakinta.

"Tun jiya ta hwara," ya ce daga baya. "Awa kiyashi na bi na."

"Sauran abin da likita yac ce hwa?"

"Barakatu, wagga ba maganar da za ni yi da ke ba ta."

"Da wa za ka yi ta? Da Baba? Ka yi da shi mana, kullum shina tambayarka!"

"Ki ji tsoron Allah. Ta wane baki?"

"To ni ka hwaɗa mani. Na ga wankin Yaya Salima."

Ta ji numfashinsa ya sarƙe. Namiji ne yake kuka a bayan asabarin nan, yana danne shi don kada na ɗakin kusa su ji, kuma wannan kukan ya fi komai ƙona mata rai.

"Ba shi hita," ya ce. "Marata ta cika tam, in na tahi ba shi hita, in na kwanta shi zuba ban sani ba. Da asuba na zo tsarki, ina ganin ruwa na zuba, ban ji shi ba. Ko alwalata ban san sa'ad da taka karyewa ba. Kin ji. Kin huta?"

Ta zame ta durƙusa a ƙasa. "Innalillahi. Waliyyu, yau za ka tahi. Yanzu."

"Ba ni zuwa ko'ina."

"Likita ya ce ba maganar gobe!"

"Na ji mi yac ce, ina wurin. Ke kin ji mi Baba yac ce? In na hita gidan ga zuwa asibiti, shi ke nan. Kuma in anka san dalili, mi kika tsammani Goggonki za ta yi da shi? Tun ba komi tana cewa ango da ciwon baya. In tas samu wagga, ko na warke ba mai ba ni ɗiya daga nan har Maiyama. Kwana nawa yar rage? In daure, a kama ni a tsai da ni, a ɗaura. In an ɗaura ke da kanki ki kai ni duk inda kika so."

"In jijiyar ta mutu kahin nan hwa?"

"To ta mutu ina mijinki."

"Kada ka hwaɗi haka!"

"Na hwaɗa. Na hi son in ja gindi cikin ɗakinki da in taka da ƙahwa biyu in zo kallon bikinki da Nuraddeen. Ban taɓa roƙonki komi ba, Barakatu. Yau na roƙe ki. Ki ruhwa mani asiri. In kin hwaɗa, ban yahe ba."

Aka fara jin takun masu dawowa daga masallaci. Ta miƙe da ƙyar ta koma cikin gida.

Allah sarki, yinin nan ba ta san yadda ta yi shi ba. Inna ta ba ta shinkafa ta tsince, ta zauna da tire a cinya tana kallonsa. Tana son auren nan kamar ranta. Saboda shi ta jure habaicin Goggo, ta jure gaisuwar da dangi suka daina amsa mata. Abin da ake nema daga gare ta kawai ta yi shiru, kuma shiru ba shi da wuya, duk gidan ma shi kowa ke yi. Amma duk sanda ta rufe ido sai ta ga Waliyyu a zaune a ƙofar gida shekara da shekaru, ana ɗaga shi ana ajiyewa, abokansa na wucewa fadama. Ta san zai yafe mata wannan zaman, ita ce ba za ta yafe wa kanta ba.

Ana idar da La'asar ta ajiye tiren ta ja mayafi.

"Ina za ki?" in ji Inna.

Ta nufi zaure.

Zauren a cike yake. Malam Attahiru na kan buzunsa, dattawa na gefe, Nuraddeen ma yana nan ya zo gaida kawunsa, makullin mota a hannu. Tunda Barakatu ta girma ba ta taɓa tsayawa a zauren nan da maza a ciki ba. Ta durƙusa a bakin ƙofa, hira ta tsaya cak.

"Lahiya?" in ji Malam.

"Baba, ina da magana."

"Ki shiga gida, ina zuwa."

"Ba ta jira, Baba." Ta ɗago kai. "Waliyyu ba dauriya yay yi ba. Bai ji ruwan ba na. Ka tahi ka duba ƙahwarshi, ta ƙone. Ciwon ya kama ta dama. Hitsari ya tsaya mai, shina zuba bai sani ba, kuma in ya zo tsarki ba shi jin ruwa. Likita ya ce in haka ta hwaru a kai shi babban asibiti nan take, in ba haka ba ba shi sake takawa."

Wani dattijo ya ce, "A'uzubillahi," ya kau da kai. Wani ya hau jan carbi da sauri. A bayanta ta ji an ja numfashi, ta san Goggo ce ta biyo ta, kuma ba abin da ya wuce kunnenta.

Malam ya tashi, ya sa takalmi, ya bi ta gefenta zuwa ɗakunan majinyata. Ba wanda ya motsa a zauren. Can sai ga shi ya dawo, kamar an ƙara masa shekaru a 'yan mintocin nan.

"Na taɓa mararshi, awa tulu," ya ce, ba da kowa yake ba. "Na tsikare shi da tsinke, bai sani ba. Ni nag gasa shi da hannuna, ina yabo." Ya juya. "Nuraddeen, tada mota. A shimhiɗa katihwa a baya. Birnin Kebbi za ku, in sun ce Sakkwato ku wuce, kada ka tsaya ko shan ruwa. Wanga ba aikina ba na."

Nuraddeen ya miƙe da sauri, har da cewa, "An gama, Kawu." Ai dole ya yi sauri.

Aka fito da Waliyyu a kan tabarma, maza na riƙe da gefe-gefe, Salima na biye da ƙullin kaya tana kuka. Unguwa ta fito kallo. Barakatu ta matsa jikin bango don su wuce. Ta kira sunansa a hankali, sau ɗaya. Ya ji ta, ta tabbata ya ji. Ya juyar da fuskarsa ɗaya gefen, ya ja hula ya rufe idonsa, har aka sa shi a mota bai waiwayo ba.

Motar ba ta gama fita layin ba Goggo Jannatu ta buɗe baki, a tsakiyar mutane, da murya mai sanyi kamar mai jaje.

"Allah shi ba shi lahiya, bawan Allah. Ni dai abu guda ka ɗaure mani kai, Yaya. Maganar da namiji bai iya hwaɗa ma namiji ɗan'uwanshi ba, ƙaƙa budurwa tas san ta?"

Barakatu ta ɗago ta kalli mahaifinta. Jira take ya tsawatar, ya ce ɗiyata ce, na san tarbiyyar da na yi mata. Ya san gaskiya, ta ga ya sani a idonsa. Amma ya dubi dattawan, ya dubi matan da suka leƙo ta katanga, ya dubi hanyar da motar ta bi.

"Kin cece shi," ya ce mata a hankali. "Allah shi saka maki."

Sannan ya ɗaga murya ya kira cikin gida.

"Kubura! Akwatunan auren da mutanen Giwa Tazo sunka kawo, a hiddo su. Gobe da sahe a maida masu."